Kunnen Gogo Gumsu

Karo na shida ke nan Magdalena ta ɗora wa Gogo Gumsu abin saurare a kunne, ta rufe ƙofar ɗakin gwaji, ta koma bayan gilashi.

Asibitin na jami'a ne, a Yola. Ɗalibai ke duba masu matsalar ji da ta magana da ta damuwa, malamai na tsaye a kansu, shi ya sa talaka ke iya yankar kati. Magdalena na shekarar ƙarshe. Ranar Alhamis malaminta, Dakta Philemon, zai zauna ya ga aikinta. In ta kasa faɗin abin da ke damun tsohuwar nan, sai ta maimaita shekara. Kuma daidai ne. Wanda bai iya ba, ba a sakar masa kunnen mutane.

Gwajin kashi biyu ne. A na farko na'ura ke yin ƙara, mai ji ya ɗaga hannu. Nan Gogo ba ta taɓa kuskure ba, ko da ƙarar ta yi siririya kamar kukan sauro. A na biyu wata muryar mace ce da aka naɗa a kwamfuta, tana karanto kalmomi ashirin da biyar, mai ji ya maimaita. Nan ne abin ke lalacewa.

Muryar ta ce "gida", Gogo ta ce "giwa". Ta ce "ruwa", Gogo ta lumshe ido. Can ta ce, "A sake sa mini."

"Gogo, sau uku fa na sa."

"To sa na huɗu. Daga aljihunki yake fita?"

Mutuniyar Borno ce. Ta baro garinsu da iyalinta shekarun da aka yi ta gudun tashin hankali, ta zauna a unguwar Nassarawo. Ciwon kunne ya fara kawo ta, ya warke tun makon farko. Amma duk Talata sai ta iso kafin mai shara, da gogaggen zane, tana ƙamshin turaren humra kamar mai zuwa biki. An yi mata tayin na'urar ƙara ji kyauta, ta ture.

Magdalena ta rasa sukuni. Ta canza waya, ta canza abin saurare, ta leƙa kunnen da fitila har Gogo ta buge mata hannu. A gida, a Shagari Low Cost, sai ta zuba abinci ta tashi ta bar shi, ta buɗe littafi ta rufe, ta fita ƙofa ta dawo.

Ranar Laraba ta zauna ta saurari muryar da kanta. Tsohon naɗi ne, muryar ba ta fita sosai, ga karin harshen mutanen Borno a ciki. Ta tambayi Dakta Philemon wa ya naɗa ta.

"Wata ɗaliba ce ta yi, sama da shekara goma, tun ban zo nan ba. In kina ganin ita ce matsalar, yi sabuwa."

Ta yi sabuwa da muryarta, tsaf, kalma bayan kalma. Kwamfutar ta tambaye ta ko a maye gurbin tsohuwar muryar. Yaran yanzu ba su san ajiya ba. Ta danna e.

Alhamis Gogo ta zo da murna, don an ƙara mata rana. Dakta ya zauna da biro. Magdalena ta kunna.

Da jin kalmar farko tsohuwar ta buɗe ido.

"Gida," in ji ta. "Ruwa. Tasa. Kifi." Tana jefo su da sauri kamar mai korar kaji. Ashirin da biyar cif, babu kuskure ko ɗaya.

Dakta ya sa hannu a takarda. "Kunne lafiya lau. Kin gano matsalar, kin ci. A sallame ta."

Magdalena ta shiga ɗakin tana dariya. "Gogo, kin warke! Ba sai kin sake wahalar zuwa ba."

Gogo ba ta tashi ba. Ta riƙe abin sauraren a cinya da hannu biyu.

"Na yi miki naki, 'yata, don na ga kin rame. Yanzu sa mini waccan."

"Waccan? Ai na goge ta jiya, Gogo. Ta tsufa."

Tsohuwar ta ɗago ta kalle ta. Sannan ta ajiye abin a kan kujera a hankali, ta gyara mayafinta.

"Shekararta ashirin da uku," in ji ta. "Nuriyya sunanta, ni na haife ta, kuma tun ranar da bom ya tashi a kasuwar Jimeta, a ɗakin nan kaɗai take yi mini magana."