Kwamfutar Mamaci

"Wannan ta fi ƙarfinka, malam," in ji mai shago, yana ture hannun Maiwada daga kan sabuwar kwamfuta. "Kuɗinka na abu ɗaya ne. Ko kwamfuta ba monita, ko monita ba kwamfuta."

Maiwada ya sake ƙirga kuɗinsa. Tun da ɓarayi suka fasa shagonsa na buga takardu a Kudan, yaransa ba su ƙara cin abinci sun ƙoshi ba. Yayansa Yahuza ne ya tausaya masa, ya karɓi jinginar gonarsa, har Maiwada ya samu abin da ya riƙo zuwa Makarfi.

"Babu ta hannu mai sauƙi?"

"Akwai ta wani mamaci, har da monitarta. Ko goge ta ban yi ba."

Ya jawo ta daga ƙarƙashin tebur, ya jona, ya kunna. Sai hoto ya cika allon. Maiwada ne da Yahuza ranar buɗe shago, sun dafa juna suna dariya.

Mai shago ya ɗora yatsa a kan Yahuza. "Wannan bawan Allah ne ya kawo ta, yana hawaye. Ya ce ƙaninsa ne ya rasu, zai karɓi jinginar wata gona saboda marayu."

Ya matsar da yatsa kan ɗaya fuskar, ya ɗago ya dubi Maiwada. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kashe monitar.

"To, Allah ya jiƙanka, malam. Amma fa babu ragi."