Tumatirin Gidan Gilashi

Tun da ka ce tafiyar ta tabbata, zauna in ba ka wani misali kafin ka ɗaure kaya.

An yi wata budurwa, 'yar masu noman rani a bakin fadama, wadda ta karanta aikin gona a jami'a, aka ɗauke ta koyon aiki na 'yan watanni a wata ƙasa mai sanyi can ƙetaren teku. Gonar da aka kai ta ko a mafarki ba ta taɓa ganin irinta ba. Gida ne na gilashi, sama gilashi, gefe gilashi, tsawonsa ya fi ƙarfin ido. Tumatir na hawa igiya har ya wuce kan mutum, saiwarsa ba ta san ƙasa ba, ruwa kawai take sha ɗigo-ɗigo ta wasu siraran bututu. In ana ruwan sama, sai ta ɗaga kai ta ga ruwan yana gudu a bisanta bai taɓa ta ba, ta ji kamar a ƙarƙashin kogi take tafiya. Da safe kuwa farin hazo mai laima kan shafe duniyar waje, gidan ya zama tamkar kwalekwale ɗauke da lambu yana yawo cikin gajimare.

Mutanen wurin ma haka suke gilma mata. Gaisuwarsu kalma ɗaya ce, kafin ta kai ga tambayar iyali sun yi nisa. Lokacin cin abinci kowa ya buɗe burodinsa, babu mai cewa bismilla. Shugabar gonar, wata doguwar dattijuwa mai furfura da ke zuwa aiki a kan keke, kowa sunanta yake kira gatsal, har masu shara. Budurwa dai bakinta ya kasa furta shi. In za ta yi mata magana sai ta russuna, ta kafe ido a ƙasa, ta sassauta murya, yadda aka rene ta. Ita tana ganin ladabi take yi, su kuma suna ganin ba ta da abin cewa. A hankali ta koma kamar inuwa tsakanin layukan shuka, ana wuce ta ba a jin motsinta.

Wata safiya ta juya wani ganye a ƙarshen layi, sai ta ga ƙananan fararen ƙwari sun yi dafifi a bayansa, irin waɗanda ta sha gani suna cinye lambun mahaifinta. To amma jiya-jiya dattijuwar ta ce da bakinta wannan layi lafiya lau yake, kuma a gidansu yaro ba ya ƙaryata babba. Sai ta bi hanyar da ta sani. Ta jira har suka keɓe, ta yi murmushi ta ce, "Shukar ƙarshen layin can kamar tana so a leƙa ta." Dattijuwa ta ɗauka hira ce, ta mayar mata da murmushi ta wuce. Kafin a farga ƙwarin sun bazu, sun lalata sashe guda. Aka tumɓuke shi gaba ɗaya. Budurwar da hannunta ta riƙa tura baro cike da ɗanyen tumatir kore shar zuwa juji, hawaye na sauka a kan safar hannunta, tana jiran a ce ta tattara ta koma gida.

A nan dattijuwa ta same ta, ta kifa bokiti ta zauna a gabanta, ta ce, "Kin gani tun farko?"

Ta ce, "Na gani, ranki ya daɗe. Ban ga ya dace in ce kin yi kuskure ba."

Dattijuwa ta ce, "A nan, wanda ya ga abu shi ne babba a kansa, ko da jiya ya zo. Kin rufa mini asiri, shuka ta biya."

Ba a kore ta ba. Daga ranar ta buɗe ido ta riƙa kallon mutanen kamar yadda take kallon shuka. Ta ga ƙarami yana musu da babba a taron safe, a tashi ana dariya. Ta gane gajeriyar gaisuwar nan ba ƙiyayya ba ce, domin wanda ya ce mata kalma ɗaya da safe shi ne ya tsaya cikin ruwa ya gyara mata sarƙar keke da yamma. Ranar da ta fara kiran dattijuwa da sunanta, sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar dutse, amma rufin gilashi bai faɗo ba.

Da sanyi ya tsananta, dattijuwa ta ce a taron safe a ƙara wa sashen gabas ruwa, don ganyensa na lanƙwashewa. Budurwa ta ɗago kai, ta dube ta ido cikin ido, ta ce, "Ba ƙishi ba ne. Sanyi ke shigowa ta sama, na ji shi a wuyana." Aka ɗauko tsani aka hau, sai ga gilashi ya tsage, iska na zuba ta wurin. Kafin azahar an toshe shi. Sashen ya rayu, ya yi 'ya'ya jajur har igiyoyi suna rinjaya. Da wa'adin koyonta ya cika, aka nemi ta tsaya shuka ta gaba, aka damƙa mata sashen a hannu.

Don haka in ka isa, kada ka zubar da tarbiyyarka, amma ka fara sauraron yadda ake tafiyar da gidan kafin ka ɗaga ƙafa. Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.