Taya Huɗu Don Hanyar Kanya

Saja Haggai ya jefa igiya a kan bencin Bello mai taya kamar wanda ya kaso maciji. Igiyar ɗaure akuya ce, da ƙulli biyu kusa da bakinta, tazarar yatsa biyu tsakaninsu. Gwiwoyin wandon tsohon duk jar ƙasa, idonsa kuwa ya fi ƙasar ja.

"Dubi aikin jaki," in ji shi. "Wannan ƙullin zagayen tayar waje ne, wannan na ta ciki. Gefe ɗaya, mota ɗaya!"

Bello ya gane. A-kori-kura ce irin mai taya bibbiyu a baya. Tayoyin nan kamar shanun huɗa suke, dole su zo kai ɗaya. In ɗaya ta ɗara tsawo, ita kaɗai za ta sha nauyin, ta yi zafi, ta fashe a inda ba a so.

"Ashe Baba Saja mota anka saye ba mu ji ba? A kawo ta mu gani mana."

"Motar tana inda take. Kai dai ba ni taya."

"Mi za a ɗauka?"

"Nauyi. Ranar Asabar, hanyar Kanya."

Bello ya haɗiye dariyarsa. Duk Zuru an san me ke faruwa ranar Asabar: bikin Peculiar, 'yar Saja ɗaya tilo. An kuma san ya rantse gaban dattawan coci cewa ƙafarsa ba za ta taka wurin ba, ko allura ba zai bayar ba. Shi da ya yi golmo, ya shekara bakwai yana nome gonar surukinsa kafin a ba shi Hannah, sai ga wani Justice mai neman auren Peculiar ya zo masa da baƙin tabarau, yana kaɗa makulli a yatsa, wai zai turo tarakta ta yi noman a yini ɗaya. Da ƙotar fartanya Saja ya raka shi har bakin titi.

Wato tsohon zai loda dawarsa ya bar gari ranar bikin ke nan. Bello ya ce a ransa, taurin kai dai ba a yi masa ritaya.

Ya mirgino wata ƙatuwar taya mai lamba 265, ya buga ta da tafi. "Ga wadda samari ka so yanzu. Faɗi gare ta, mota ta yi kyan tsayi."

Kamar ya zuba fetur a wuta.

"Samari! Su ne suka kashe ƙasar nan da son a gani!" Saja ya harbi tayar har ta faɗa kan kwanon mai gyaɗa. Ya tuƙa manyan motocin soja har gashinsa ya yi fari, ya san abin da faɗi ke yi a ƙafar baya. Da an ɗora kaya sai cikin tayoyin biyu ya kumbura, su riƙa gugar juna, kafin a kai gangare sun yi bindiga tare. Ya taɓa kwasar mutane a gefen hanya saboda haka, kuma bai manta ko ɗaya ba.

Mai lamba 235 yake so. Guda huɗu, kamfani ɗaya, zane ɗaya.

Bello ya shiga sauke kaya yana gumi. Kowace taya ya fito da ita sai Saja ya durƙusa ya zagaya ta da igiya, ya matsa gefenta da babban yatsa, ya shinshina. Wannan ta daɗe a rana. Wannan an yi mata fenti ne. Waccan ƙanwar sauran ce, ba sa'arsu ba. Masu faci da 'yan acaɓa suka taru suna kallo, kowa yana jiran ya ga wanda zai fara marin wani.

Haƙurin Bello ya ƙare. "Haba Baba Saja! Gwanjo biyu sun isa su kai dawa Kanya. Wanga wahala duk ta mi ce?"

"Wa ya ce maka dawa?" Tsohon ya rufe shi da tsawa. "Ka sa min gwanjo, wallahi na rushe rumfar nan a kanka!"

Da ƙyar aka sami huɗu da suka tsaya a ƙulli ɗaya. Saja ya sallami Bello bai ko nemi ragi ba, abin da bai taɓa yi ba ko a kan albasa. Ya ce Bello da hannunsa zai ɗaura su, yau ɗin nan. Iska ta zama daidai, tafin hannu ya shige tsakanin ta ciki da ta waje. Motar tana bayan coci, ƙarƙashin mangwaro.

"Ba ka zuwa ka gani?"

"Ƙafata ba ta taka wurin. In an tambaye ka, ba ka san ni ba."

Bello ya loda tayoyin a keke-napep yana tsaki har bayan coci. Ga motar nan kuwa, tayar waje doguwa, ta ciki gajera, ƙasar gefensu da sawun gwiwoyin mutum. Ya sa jak ya fara ɗagawa ke nan sai ya ji an daka masa tsawa daga baya.

"Kai! Wa ya ce ka taɓa min mota?"

Ya waiga. Justice ne, da tabaransa da makullinsa a yatsa, bayansa mata suna ɗauke da gado da tukwane, suna gardamar wa zai zauna kusa da Peculiar a gaba ranar Asabar, in za a kai ta gidan mijinta a Kanya.