Faɗan Iya Larai

Tun hantsi Tukur ke kwance a tabarma. Wata shida ya yi yana zagaya ƙauyukan Kurfi, yana neman tsofaffin kalmomin Katsinanci don digirinsa na biyu, bai samo abin kirki ba. Saura mako guda ya miƙa aiki, shi kuwa ya sare.

Da la'asar kakarsa, Iya Larai, ta tsaya kansa ta hau faɗa. Cikin zagin ragwancinsa ta jero kalmomi tara da bai taɓa ji ba.

Ya zabura ya kunna rikoda. "Iya, don Allah maimaita."

Ta yi murmushi. "Mi zan maimaita, maigida? Na manta. Tunda ka tashi, ai faɗa ya ƙare."