Abin da Saniya Ta Haɗiye

Tana wankin kayan ciki a wata mayanka a Garwa, ta tsaga tumbin saniya, sai ga ƙullin leda cike da ɗanyen daimon.

Dillalin da ya kawo saniyar ya matso yana haki. "Baiwar Allah, miƙo. Tsakuwa ce kawai."

"Tsakuwar da ta rasa takarda, har sai saniya ta ƙetaro da ita iyaka?"

Ya ce zai gina mata gida. Ta ƙulle ledar a bakin zane, ta ɗauki kan saniyar ta ɗora a faranti.

"Kan kuma na mene ne?"

"Shaida, Alhaji. Jandarma zan kai wa. Wannan tsagar da ke kunnenta, mijina ne ya yi ta da hannunsa, kafin 'yan tawaye su kore garkenmu, su tura shi ramin haƙar daimon. Har yau bai fito ba."