Launin Aljanin Cikin Littafina

Ina 'yar shekara tara Babanmu yana aiki a ofishin jakadanci a Alƙahira. Wata rana Mama ta sayo mini littafi mai hotuna a wurin masu sayar da tsofaffin littattafai na kasuwar Ataba. Labarin mutumin da Yesu ya fitar wa aljanu ne, amma marubucin ya ƙara gishiri, har sunaye ya raɗa wa aljanun.

Da la'asar muna baranda, Mama tana tsinke ganyen lalo, na buɗe shafin tsakiya. Yesu fari ne, almajiransa farare, har mai aljanun ma fari. Babban aljanin kaɗai ne baƙi. Na ɗora hannuna kusa da fuskarsa, na ga launinmu ɗaya.

"Mama, me ya sa aljanin ya yi kama da mu?"

Ta goge hannu a zaninta, ta karɓi littafin, ta daɗe tana dubawa.

"A coci an taɓa karanta muku launin aljani?"

"A'a."

"To, mai zanen nan bai taɓa ganin aljani ba, 'yata. Mu ya gani, ya tsorata."

Har yau, duk littafin yaran da na buɗe, fuskar mugun nake fara nema.