Baƙin Bishiyar Gwaba

Tun da Direba ya ajiye tuƙin babbar mota ya kama lambu a bayan gida, bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Mutumin da ya shekara talatin a kan hanya, yanzu duk tafiyarsa fangali goma sha biyu ce ta kabeji. Sai ya zagaye su sau ashirin kafin shayinsa ya huce, hannu a baya, kamar mai duba taya. Kabejin nan shi ne cin gidan na bana, babu wani.

Damina na ɗaukewa sai baƙi suka sauka a kan gwabar da ke tsakiyar lambun. Wasu 'yan tsuntsaye ne masu launin ganye, da kaɗan suka fi babban yatsa, baki siriri kamar allura. Su ma ba sa zama. Daga reshe sai kabeji, daga kabeji sai reshe, suna 'yar waƙarsu.

"Kin gani ko? Ɓarayi da rana tsaka!" in ji Direba.

Matarsa ta ce, "Haba Maigida, 'yan mitsi-mitsin nan me za su ci maka?"

Maƙwabcinsa, tsohon malamin makaranta, ya leƙo ta kan katanga. "Direba, ƙyale su, abokan sana'arka ne. Daga ƙasashen sanyi suke, sun keto teku da hamada, ba birki ba tasha. Ƙwari suke ci. In zafi ya shigo za su koma can su yi ƙwai."

"Malam, ni za ka gaya wa nisan hanya? Wannan abin ko mararraba ba zai kai ba."

Washegari ya shafa danƙo a rassan. Cikin kwana uku ya kama fiye da ashirin. Ya kuma sare gwabar, don kada sauran su sami masauki.

Matar ta fige ɗaya ta tsaga cikinta, ta kira shi. "Zo ka karɓi kabejinka."

Tsutsotsi ne cunkushe, korra, ƙanana. Ko ɗigon ganye babu.

"Wannan mai kwaɗayi ce," in ji shi. Ta tsaga biyar, duk haka. Ya ce rana ta yi, bari ya je ban ruwa.

Cikin mako biyu ganyen kabejin ya koma rariya. Ya yi feshi, ya sake, ya ƙara, amma tsutsa ta riga ta shige cikin ƙullin kabejin. Mai sarin kayan lambu ta zo ta yanka guda uku, ta goge wuƙarta, ta ce, "Baba, Allah ya mayar da alheri." Ko awaki ba a iya bai wa ba saboda magani. Rami aka haƙa aka binne shi.

Ya koma tasha neman motar da zai tuƙa. Masu motoci suka sa shi ya karanta lambar wata tirela daga nesa, ya kasa. Suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka raka shi bakin titi.

Da yamma matarsa ta same shi a lambu. A karon farko yana zaune, a kan kututturen gwabar, yana duban sama.

Jama'a, ba duk tsuntsun da ya sauka a shukarmu ne ɓarawo ba. Mu duba abin da yake ci kafin mu ɗana masa tarko, kada mu kashe mai gadinmu da hannunmu.